Ranar da Jitar Baba Ta Ɓata

Dogo ya murɗa rediyon motarsa har ƙarshe, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru, alhali shi kaɗai ne mai surutun. Motar tana tsaye a ƙofar situdiyo, an ɗage gilasai duk da zafin hantsi, domin a wurin Dogo waƙar da ba a saurara a cikin mota ba, ba a gama ta ba. Gwaggo tana gaba tana fifita da kwalin magani. Auta tana baya kusa da mahaifinta, ta harɗe hannuwa tana jiran yabo.

A ganinta ta cancanci yabon. Tsofaffin nan uku su ne suka rage daga ƙungiyar kiɗan da ma'aikatan masaƙa suka kafa tun suna da ƙuruciya. Dogo ne a kan ganguna, Baba yana riƙe da jitar bas mai kaurin murya, ƙanwarsa Gwaggo tana waƙa tana danna fiyano. Masaƙar ta daɗe da rufewa, su kuwa ba su rufe ba. Bana ne suka yanke shawarar naɗar waƙar da Baba ya tsara, don a saka ta a taron tsofaffin ma'aikata na ƙarshen mako. Ba su sha wahalar neman wuri ba, tunda autar Baba tana da ɗan situdiyonta tsakanin shagon tela da kantin magani, inda take naɗar tallan sabulu da na makarantu. Makon jiya ta naɗi waƙar, ta kwashe kwanaki tana haɗa sautin, yau kuma ta kawo musu a filasha.

Waƙar ta tashi. Gangunan Dogo sun fito tas, fiyano tana ƙyalli, muryar Gwaggo kuwa kamar an rage mata shekaru. Gwaggo ta daina fifita. Dogo ya shiga buga sitiyari da yatsu, baki har kunne.

Auta ce ta fara lura da akwai matsala. Gilashin motar nan ko tallan sabulu aka saka sai ya yi kakkarwa, amma yau tsit yake. Ta saci kallon Baba. Tun da kunnensa ya yi nauyi, da hannu yake sauraron jitarsa. Ya ɗora tafinsa a jikin ƙofar mota yana jiran ta girgiza. Da bai ji komai ba ya mayar da hannun kan kujera, daga nan ya dafa bayan kujerar Dogo. A ƙarshe ya ɗora hannun a gwiwarsa ya bar shi a nan.

Waƙa ta ƙare. Dogo ya fara zuba kirari, yana cewa wannan ko a gidan rediyo sai an tashi tsaye, sai kuma ya sassauta a tsakiyar magana, ya juyo.

"Wai ni kam, ina Mai-jita a ciki?"

"Ta yi kyau," in ji Baba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya shige situdiyo.

Auta ba ta buƙaci a gaya mata abin da ya faru ba, ta riga ta gane, kunya kuma ta rufe ta har wuya. Matar da ke zaune a saman situdiyon ta haihu kwanan nan, kuma kusurwar da Auta take haɗa sauti tana daidai ƙarƙashin ɗakin mai jegon. Saboda kara, sai ta kashe manyan lasifikunta, ta yi aikin gaba ɗaya da sabon hedifon ɗinta.

Shi wannan hedifon kuwa babu wanda bai san labarinsa ba a dangi. Ta daɗe tana mafarkinsa kafin ya zo hannunta. Mai rufaffen baya ne, bayan nasa na katako mai sheƙi, matashin kunnensa na fata mai laushi, irin wanda ake yi wa masu zama a kujera su lumshe ido su sha kiɗa don jin daɗi. Idan ka sa shi, duniya ta yi shiru, sai kai da waƙa. Auta ta cika wa kowa kunne da shi. Ba ta yarda a taɓa shi da hannu mai maiƙo, kullum ta gama sai ta goge shi ta kwantar a akwatinsa, har Gwaggo ta raɗa masa suna jaririn Auta, tana tambaya ko ya kwana lafiya.

To jaririn nan yana da hali ɗaya, yana ƙara wa sauti mai kauri irin na bas ƙiba. Duk lokacin da ta saurari jitar Baba a cikinsa sai ta ji ta yi yawa, tana danne kowa, sai ta rage. Washegari ta ji har yanzu da saura, ta ƙara ragewa. Haka ta yi ta yi har jitar ta zauna daram a cikin hedifon, a waje kuwa babu ita babu dalilinta. Wannan darasi ne da ake koya wa ɗan koyo tun makon farko, cewa ba a gama haɗi sai an ji shi a lasifika. Ta san da haka sarai, son abin ne ya rufe mata ido.

A ɗakin naɗa suka tarar da Baba yana naɗe wayar jitarsa a gwiwar hannu, a hankali, kamar yadda yake yi idan an tashi daga wasa. Akwatin jitar yana buɗe a ƙasa. Babu fushi a fuskarsa, abin da ya fi tayar wa Auta da hankali ke nan, domin fushin Baba ba ya kai la'asar, amma idan ya yi sanyin nan to ya gama magana.

Ya ce shi bai riƙe kowa ba. Ya san shekaru sun ja, yatsu sun yi nauyi, kunne ya tafi. Abin da bai ji daɗi ba kawai shi ne da suka haɗa baki aka cire shi, ba su fuskance shi sun faɗa masa ba, suka ɗora wa yarinya. Ya ce su je taron su biyu, waƙar ta yi kyau a haka, shi zai zauna a gida.

Dogo ya shiga rantse-rantse har yana dafa ƙirji. Gwaggo ta ce wa yayan nata ya ji kunya, da girmansa yana abin yara, in cire shi za ta yi ai da bakinta za ta faɗa, ba ta taɓa jin tsoronsa ba tun suna cin ƙasa. Baba ya yi biris da su, ya kwantar da jita a akwati.

Auta ta durƙusa a gabansa ta ɗaga murya yadda zai ji. Ta ce laifinta ne ita kaɗai, babu wanda ya sa ta. Ta yi masa bayanin mai jego, da lasifikun da ta kashe, da yadda hedifon ya ruɗe ta. Baba ya saurare ta har ta gama, yana kallon bakinta.

"Auta, wata guda kina gaya mana abin nan ba ya ƙarya. Kika ce ko yawu mawaƙi ya haɗiye sai kin ji. Yau kuma shi ne maƙaryacin?"

Dogo ya kusa fashewa da dariya, Gwaggo ta taka masa ƙafa. Auta ta san gaskiya ce ya faɗa, kuma da bakinta ta haƙa wa kanta ramin. Ta ja shi gaban kwamfuta ta nuna masa layin jitarsa, ga shi nan shimfiɗe daga farkon waƙa har ƙarshe, ba a goge ko ɗigo ba. Ya sunkuya ya duba, ya ce shi dai zanen tsutsa yake gani, kuma tun da yake bai taɓa yi wa ido kiɗa ba. Ya juya zai ɗauki akwatinsa.

Nan ne Auta ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta buɗe akwatin jaririn, ta ciro shi, ta roƙi Baba ya zauna ya cire hularsa. Gwaggo ta riƙe haɓa, ta ce lallai yau akwai magana. Baba ya zauna a gefen kujera kamar mai jiran allura, Auta ta daidaita masa hedifon a kai, ta ƙara sauti fiye da yadda ita za ta iya ɗauka, ta saki waƙar nan dai da suka ji a mota.

Da farko fuskarsa ba ta canza ba. Can sai girarsa ta ɗaga. Ya kai hannu zai dafa tebur yadda ya saba, sai ya fasa, ya bar hannun a sama. Ƙafarsa ta fara taka ƙasa.

"Ga ni nan," in ji Baba.

Shi a ganinsa a hankali ya faɗa. Amma duk wanda ya sa hedifon mai rufaffen baya ba ya jin muryar kansa, balle mai nauyin kunne, don haka maganar ta fito kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Tela ya leƙo da almakashi a hannu yana tambaya ko lafiya. Dogo ya ce lafiya lau, ɓataccen mutum aka gani.

Baba ya saurari waƙar har ƙarshe, ya ce a maimaita. Yana ji yana ba su labari da ƙarfi, wai har ƙarar yatsansa a kan tsirkiya yana ji, abin da ya manta ma ana jinsa. Auta tana tsaye a bayansa, daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa, ta fake da gyara waya. Ta yi masa alkawari yau ɗin nan za ta mayar masa da jitarsa inda take, kuma a lasifika za ta yi, shi da kansa zai dafa ƙofar mota ya shaida.

Amma Baba ya riga ya wuce nan. Ya zare kunne ɗaya ya ce a baiti na biyu yatsansa ya zame, ya ji da kunnensa, kuma ba zai yarda a saka wannan a gaban mutanen da suka san shi ba. A sake ɗauka. Sannan ya dafa hedifon da hannu biyu ya ce da wannan zai yi.

Dogo ya ce to fa, abin da ya ɓatar da mutum shi ne kuma za a ba shi ya yi masa jagora? Auta ta ce ai nan ne ma wurin aikinsa. A wajen haɗi ne yake da daɗin baki, yana gaya maka abin da kake so ka ji. A wajen ɗauka kuwa babu kamarsa, domin bayansa a rufe yake, komai ƙarfin da ta ƙara wa Baba ba zai zubo ya shiga makirfon Gwaggo ba. Da mai buɗaɗɗen baya ne, da wannan ƙarar sai an ji ta a cikin waƙa. Dogo ya gyaɗa kai, ya ce ashe irin surukinsa ne, yana da kyau a zauna da shi amma ba a neman shawararsa.

Gwaggo ta hau sama neman izini, tunda ganguna za su tashi kuma daga baya za a kunna lasifika. Ta daɗe. Da ta sauko tana ƙanshin hodar jarirai, ta ce yaron idonsa biyu, kamarsa ɗaya da ubansa, uwar kuma ta ce su buga abinsu, ita ma ta gaji da shirun.

Suka shiga ɗakin naɗa mai bangon soso, kowa ya kama wurinsa yadda suka saba, Dogo a kusurwa, Gwaggo a gaban fiyano, Baba a tsaye yana fuskantarsu, sai dai yau da katako mai sheƙi a kunnuwansa. Auta ta zauna a bayan gilashi, ta tura masa ganguna da fiyano da murya cikin hedifon, ta ɗaga musu yatsa.

Rabin farko ya tafi kamar ruwa. Baba yana kaɗawa yana murmushi, ya wuce baiti na biyu ba tare da ko tuntuɓe ba. Sai aka zo tsakiyar waƙa, inda kowa yake tsayawa cak. A wurin nan Dogo yakan haɗa sandunansa biyu ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, daga nan duka su faɗo tare.

Dogo ya ƙwanƙwasa. Baba ya faɗo. Shi kaɗai ya faɗo, sai bayan numfashi guda ganguna da fiyano suka biyo shi a guje, suna karo da juna. Aka tsaya ana dariya. Dogo ya ce gumi ne ya shiga masa ido. Aka koma daga farko, aka sake zuwa wurin, abin da ya faru ɗazu ya sake faruwa, Baba a gaba, su a baya.

Daɗi ya kashe Baba. Ya nuna su da wuyan jita, yana faɗa da muryar nan ta tsallaken titi cewa ashe su ne suka tsufa, shi ake ta ɗora wa laifi. Ya ce Dogo ya je a duba masa gwiwar hannu, Gwaggo kuma ta rage barci a kan fiyano. Ya ce in suna so zai riƙa ɗaga musu ƙafa su san lokacin shiga.

Ba wanda ya rama, kuma wannan ba halinsu ba ne. Dogo ya shiga sosa ƙeya da sanda yana kallon silin. Gwaggo ta duƙufa tana goge wani maɓallin fiyano da gefen mayafinta.

Auta ta buɗe tsohon naɗin a fuskar kwamfuta ta duba wurin. Bayan ƙwanƙwasar sanda akwai ɗan fili, ya fi yadda lissafin kiɗan ya nuna. Ta lura da shi tun tana haɗi, ta ɗauka salo ne, har ma nan ne ya fi mata daɗi a duk waƙar, wurin da zuciya take ɗan rataya kafin kiɗa ya dawo. Sai yanzu ta tuna abin da idonta ya gani sau biyu ta cikin gilashi. Bayan sanda ta yi ƙara, Gwaggo takan ɗaga kafaɗarta ta dama sama sosai, fiye da yadda mai jan numfashi yake buƙata, sannan ita da Dogo su shiga. In babu hedifon, ƙarar sandar ba ta kaiwa kunnen Baba. Kafaɗar yake bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta ɗago kai ta ga shi ma ya daina dariya. Ya dubi Dogo, ya dubi ƙanwarsa, ya zare hedifon a hankali ya riƙe a hannu. Da ya yi magana, muryarsa ta dawo daidai.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?" in ji Gwaggo, ba ta ɗago ba.

"Tun yaushe kuke jirana a wurin nan?"

Dogo ya ce shi wallahi ba zai iya tunawa ba, hannunsa ne ya saba, ba wai sun zauna sun shirya ba ne. Gwaggo ta gama goge maɓallin da ba shi da datti, ta gyara zama.

"Tun kafin a rufe masaƙa. Numfashi ɗaya ne fa, Yaya. Ni ma ina hutawa a ciki."

Idon Auta yana kan akwatin jitar da ke jingine a bango. Ɗazu zargi ne kawai ya sa ya naɗe wayarsa, yanzu kuwa gaskiya ce aka faɗa masa a gaban 'yarsa, kuma ita ce ta jawo da jaririnta. Ta ji kamar ta shiga ta karɓe abin daga hannunsa ta mayar akwati.

Dogo ya yi gyaran murya. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, tunda yanzu Mai-jita yana jin sanda, su ne za su gyara. A ba su gwaji biyu ko uku, za su koyi faɗowa a kan lokaci, yadda aka tsara waƙar tun asali. Gwaggo ta ce haka ne.

Baba ya jujjuya hedifon a hannu, ya shafa katakon da babban yatsa, ya mayar da shi kansa ya daidaita. Ya gyara igiyar jita a kafaɗa, ya dubi gilashi.

"Auta, ɗauka."

Tela ma sai da ya ji wannan. Auta ta danna, ta ɗaga yatsa.

Suka taso daga farko. Baiti na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce lafiya, aka zo tsakiya kowa ya tsaya cak. Dogo ya ɗaga sanduna, ya cije leɓe kamar mai shirin tsallake kwata, ya ƙwanƙwasa.

Auta tana kallon hannun mahaifinta. Ta ga yatsansa ya zabura a kan tsirkiya, alamar ya ji ƙarar sarai, sai kuma ya tsaya. Bai kaɗa ba. Ya ɗaga ido ya kafe kafaɗar ƙanwarsa, yana jira. Dogo da ya riga ya kawo sanda rabin hanya ya riƙe ta a sama. Gwaggo ta dubi yayanta, ya ɗan ɗaga mata gira. Sai ta ɗaga kafaɗar, su uku suka faɗo tare.

Gwaggo ta shiga baitin ƙarshe muryarta tana ɗan rawa, har ta haɗiye rabin wata kalma. Hannun Auta yana kan maɓallin tsayarwa, ta janye shi ta bar naɗin ya ci gaba.